Wanda Ya Sha Man Alhaji Mamuda

An ce wai a wani gari da ake kira Tudun Kargo an yi wani mai gari, Malam Buwai, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma ya san halin mutane ciki da bai. A garin akwai wani direba mai suna Haladu, mutum mai sanyin hali, wanda ya daɗe yana jan a-kori-kurar Alhaji Mamuda mai albasa, yana ɗaukar kaya daga fadama zuwa kasuwar birni. Haladu ba shi da gona, ba shi da shago. Sunansa na kirki shi ne jarinsa, da shi yake ci, da shi yake ciyar da iyalinsa.

Wata rana Alhaji Mamuda ya ga motar wani attajiri a birni da wasu manyan tayoyi masu faɗi, abin ya shiga ransa. Bai dawo gida ba sai da ya sa aka ɗaura wa tasa irinsu, har da ƙarafunan tsakiya masu nauyi. Mota ta ɗaga sama ta yi kwarjini, Alhaji kuwa ya yi ta zagaya ta yana shafa gemu, yana yi mata irin kallon da bai taɓa yi wa albasarsa ba.

Haladu ne ya fara jin canji a ƙafarsa. Motar da ke zabura da an taɓa ta, yanzu sai ta yi nishi kafin ta motsa. Tudun da take hawa a giya ta biyu ya koma sai ta ɗaya, birki kuma sai an danna shi tun daga nesa. Babban abin shi ne mai. Tankin da ke kai su birni ya dawo da su har da saura, ya zama yana ƙarewa a hanyar dawowa tun ba su hango gida ba.

Da abin ya maimaitu, Alhaji ya tare shi a tasha, a gaban direbobi da 'yan kamasho, ya ce, "Haladu, hanya ba ta ƙara tsawo ba, kaya bai ƙara yawa ba. Ina man yake zuwa? Wa kake zuƙe wa?"

Haladu ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wallahi tayoyin nan ne."

"Tayoyi! Taya tana da baki ne? Ka ci amanata, sa'an nan ka ɗora wa roba laifi?"

Wasu suka kwashe da dariya, waɗanda suka san gaskiyar maganar kuwa suka sunkuyar da kai, don ba mai son ɓata da Alhaji. Alhaji ya karɓe makullinsa, ya ce sai gaban mai gari. Haladu ya tafi gida jiki a sanyaye. Ya san in aka kira shi ɓarawo a fada, babu mai sake miƙa masa makullin mota a ƙasar nan.

Washegari da hantsi aka hallara a ƙofar mai gari, wadda ke can saman tudu. Aka bar motar a gindin tudun, inda hanya ta ƙare. Malam Buwai ya saurari kowa har ya gama, sa'an nan ya dubi motar daga nesa. Shari'ar ba ta da sauƙi, domin Alhaji bai yi ƙarya ba, mai yana ɓacewa, kuma ba wanda ya taɓa kama Haladu da ko allura. In an ba direba gaskiya da baki kawai, zargi zai zauna a zuciyar maigidansa. In an sa shi rantsuwa, za a ce ai sai da aka rantsar da shi.

Can mai gari ya ɗago ya ce, "Alhaji, an ambaci tayoyi a maganar nan, ni kuwa ba na yanke hukunci a kan wanda bai zo gabana ba. Akwai tsohuwar tayar?"

"Ranka ya daɗe, akwai guda a bayan mota, wadda ake ajiyewa saboda faci."

"To, a kawo ta, a kwance sabuwa guda ita ma a kawo. Amma kai ne mai ƙara, ban yarda hannun kowa ya taɓa shaida ba sai naka. Sai dai ko girma ya kama ka?"

Alhaji Mamuda kuwa da dakon buhu ya fara neman arziki, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar ƙarfinsa. Nan take ya tuɓe babbar riga. Ya gangara, ya garo tsohuwar tayar da hannu ɗaya har gaban mai gari, ko haki bai yi ba. Aka ɗebo ruwa a moɗa daga randar mai gari aka miƙa masa, ya ce, "Ruwan me? Me na yi?"

Ya koma ya kama sabuwar. Tayar da ita tsaye ma sai da ya yi da gaske. Ya tura, ta ƙi motsi, ya sa kafaɗa, ta motsa da ƙyar. A tsakiyar tudu ta ƙwace ta juyo, ya rungume ta yana salati, ta ja shi baya kafin ya iya tsayar da ita. Haladu ya yunƙura zai taimaka, don duk da abin da ya faru bai so ya ga maigidansa a haka ba, mai gari ya ɗaga masa hannu ya zauna. Ko da Alhaji ya iso, ya jiƙe sharkaf, hula ta karkace. Bai jira tayi ba, ya fizgi moɗa ya shanye, ya nemi ƙari, ya sake neman ƙari.

Mai gari ya leƙa randa, ya ce, "Jama'a, an yi mini satar ruwa. Ɗazu randar nan cike take. Alhaji, tudu bai ƙara tsawo ba, kai ma ba ka canza ba. Ina ruwan ya tafi?"

Alhaji ya ce, yana haki, "Ranka ya daɗe, ai ni na sha. Wannan tayar ba irin waccan ba ce."

"Guda ɗaya ka garo, sau ɗaya, ka kusa ƙarar mini da randa. Injin motarka kuwa taya huɗu yake juyawa, daga nan har birni, da albasa a bayansa. Shi ba ya iya cewa a ba shi moɗa, tanki yake sha. Ba na kushe tayoyinka, in hanyarka rairayi ce ko taɓo, za su yi maka rana. Amma kowane girma da abincinsa, kuma kai ka ɗauko shi, ba Haladu ba."

Alhaji ya dubi tayar, sa'an nan ya juyo ya ce, "Haladu, na zalunce ka. A tasha na kunyata ka, a tasha zan wanke ka." Ya ciro makulli ya danƙa masa.

Haladu ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya durƙusa gaban mai gari ya yi godiya, yana share ido da hannun riga. Ranar kasuwa ta gaba aka mayar da tsofaffin tayoyi, Alhaji ya wanke Haladu a tasha a gaban kowa, sa'an nan da kansa ya zauna a gaban mota. Suka je suka dawo, mai bai ƙare ba.

Saboda haka, in ka ga abin da ke isarka ya daina isa, kafin ka nuna bawan Allah da yatsa, ka fara duba nauyin da kai ka ƙara da hannunka.