Agogon Da Ke Cikin Motar Auta

Akwai wata hanya da ke fita daga ƙasarmu, ta ratsa ta ƙasar maƙwabta, sannan ta sake faɗowa cikin tamu. A kan wannan hanya na rasa ɗana. Ni ba mai dogon karatu ba ce, zan faɗa muku yadda abin ya faru.

Ɗan nawa, Auta, direban babbar mota ne. Ya kama mana gida a garin da yake aiki, ya ce na gaji da zama ni kaɗai. Da hannunsa ya loda kayana: gado, keken ɗinki, tukwane, da agogon bangon da ya saya mini, mai bugawa kowace awa.

Dokar hanyar ita ce, a bakin shiga 'yan kwastan za su ɗaure ƙofar mota da waya su buga hatimi. Ba a buɗewa sai an fita ta ɗaya bakin. In hatimin ya tsinke a tsakani, an ɗauka ka shigo musu da kaya ƙasa ke nan, sai su kama motar.

A tsakanin ne zuciyarsa ta tsaya. Kafin ya cika, ya samu ya gangara gefen titi, ya kashe mota. Gawarsa aka kawo mana, motar kuma aka ja ta harabar kwastan da hatiminta.

Bayan an share makoki muka je ni da ƙanena. Ina dafa ƙofar motar sai na ji agogon ya buga daga ciki. 

"Ka ji?" na ce.

"Ni ban ji komai ba, Yaya," in ji ƙanena. Ya zaro filaya daga aljihu. "Wannan 'yar wayar ce za ta raba ki da kayanki? Ko akuya ba za ta ɗaure ba. In datse, ki ɗauki agogonki mu tafi."

Wani dattijon jami'i ya taso daga inuwa. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna mana wata mota a ƙarshen harabar, tayoyinta sun nutse, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta.

"Mai waccan ma abu ɗaya ya ce zai ɗauka. Mama, in aka datse, komai ya fita daga hannuna. Ki ba ni lokaci a samo izini da direba, ni zan raka motar da kaina."

"Haka kuke cewa kullum!" in ji ƙanena, ya kai filayar bakin wayar.

Wallahi na so ya datse. Amma na tuna Auta ya mutu a gefen titi bai bar kowa ya taɓa ƙofar nan ba. Na riƙe hannun ƙanena. Ya yi fushi ya hau mota ya koma gida.

Na yi ta zarya makonni. Duk zuwa sai in zauna a inuwar motar, agogon yana bugawa. Wata rana na tambayi jami'in ko shi ma yana ji. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Bar shi ya buga, Mama," ya turo mini kujera.

Ranar da izinin ya fito, shi ya zauna gaba kusa da sabon direba har bakin fita. Aka duba hatimi, aka same shi lafiya, aka datse. Ƙofa ta buɗe. Ko cokali bai ɓata ba.

Agogon na can ƙurya, naɗe cikin rigar Auta. Na juya shi. Auta ya cire batirin tun ranar lodi, ya manna shi a bayan agogon da salatif don kada ya ƙare a hanya.

Jami'in ya gani, ni ma na gani.  Ya gyara naɗin rigar, ya miƙo mini da hannu biyu.

Agogon yana rataye a ɗakina yanzu. Har yau ban mayar da batirin ba.

Darasi: Zafin rashi yana sa mutum ya so ɓalle kowace ƙofa. Ka daure, ka bar ta a rufe har lokacin buɗewarta ya yi, kuma kada ka ɗauki duk mai hana ka a matsayin maƙiyi. Ku tura wa wanda ke cikin jira, ku sa Auta a addu'a.