Kujerar Da Babu Kowa A Kanta

An yi wani mutum a nan Indiana, ya 'yan uwa, ɗan jarida ne mai rubutu a kan wasanni. Ba zan faɗi sunansa ba. Waɗanda suka daɗe a garin nan sun san shi, waɗanda ba su san shi ba kuma ba su yi asarar komai ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana rubutu a kan ƙwallon kwandon 'yan matan jami'a. Ya fara tun lokacin da 'yan kallo ba sa cika benci biyu, har aka zo zamanin da ake rububin tikiti. Maganarsa tana da nauyi. In ya ce yarinya ta iya, to ta iya. In ya ce ba ta iya ba, sai ta sha wuya kafin wani ya sake dubanta.

Yana cikin mutum arba'in da ake ba ƙuri'a duk shekara su zaɓi gwarzuwar ƙasa baki ɗaya. Kowannensu suna uku yake rubutawa. Ta farko ta samu maki biyar, ta biyu uku, ta uku ɗaya, sai a haɗa. Ƙasar nan kuwa kun san faɗinta. Mai ƙuri'ar da ke California ba zai kalli wasan da aka buga a ɗan garinmu ba. Waya yake ɗagawa ya kira mutumin yankin, ya ce kai da kake kusa, yaya yarinyar nan take? Abin da aka gaya masa, da shi zai yi hukunci. Ashe kun ga ba ƙuri'a ɗaya ce a hannun mutumin ba. Idanun mutane da yawa aka damƙa masa amana.

Sai wata yarinya ta zo jami'ar garin, sunanta Renita Gaskin. Uwarta direbar motar 'yan makaranta ce. Yarinyar ba ta da wani tsawo na a zo a gani, jifarta kuma ba ta da kyau. Mutumin ya kalle ta sau ɗaya a shekararta ta farko, ya rubuta cewa jami'a ta yi asarar gurbi, ko tafki aka ajiye wa yarinyar nan a gabanta ba za ta iya jefa ƙwallo a ciki ba. Mutane suka yi dariya. Shi ma maganar ta yi masa daɗi, ya yi ta maimaita ta a rediyo.

Abin da bai lura da shi ba, ba don ta ci aka ɗauko ta ba, don ta hana ci ne. Duk wasa, wadda ta fi kowa iya jifa a cikin baƙi ita ake haɗa ta da ita. Sai ta manne mata kamar ƙarangiya a bakin zani. Yarinyar da ta saba zuba maki ashirin da biyar sai ta tashi da tara, ta fita fili tana huci, ba ta ma san abin da ya same ta ba.

Irin wannan aiki ba ya shiga takarda. A wasannin nan, duk bayan kwata, wato kashi ɗaya cikin huɗu na wasa, ana raba wa 'yan jarida takarda mai nuna wa ta ci nawa. Takardar ba ta da gurbin ƙwallon da aka fasa jefawa saboda an tare hanya. Wanda ke son ya san aikin Renita, dole ne ya zauna ya zuba ido.

Shekara ta biyu aka fara maganarta, shekara ta uku maganar ta fita jiha. Me ya hana mutumin ya ɗauki alƙalami ya ce jama'a, na yi kuskure? Layi ɗaya ne. Ba wanda zai rage masa albashi a kai. Amma girman kai ya hana shi. Duk ranar da aka yabe ta, sai ya ji kamar shi ake ƙaryatawa.

Wata rana bayan wasa, a gaban 'yan jarida, ya ɗaga hannu ya tambaye ta da murmushi yaushe za ta koyi cin ƙwallo. Ta goge zufa da tawul, ta dube shi.

"Ran da ka koyi kallon wasa, yallaɓai."

Ɗakin ya fashe da dariya. Shi ma ya yi dariyar, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa. Amma ya ƙullace ta.

A shekararta ta ƙarshe magana ta rabu biyu a ƙasa. Wasu suka ce kambun na Corinne Halvorsen ne, wata 'yar wasa daga arewa wadda ba ta sauka ƙasa da maki ashirin da bakwai. Wasu suka ce a'a, sai yaushe za a karrama mai tsaro? In cin maki rabin wasa ne, hana ci fa? Aka yi ta ja-in-ja a rediyo da shagunan aski. Jami'a shekara huɗu ce, ya 'yan uwa. In Renita ba ta samu a wannan shekarar ba, ba ta da wata.

Ranar wata Lahadi a Fabrairu, ƙarfe biyu na rana, makarantar su Corinne ta zo garinmu. Ba a nuna wasan a talabijin na ƙasa ba. Mutumin ya zo da wuri. An ajiye masa kujera a teburin 'yan jarida da ke bakin fili, da kati mai ɗauke da sunansa. Ya rataye kwat ɗinsa a bayan kujerar, ya gangara ɗakin da ake ba 'yan jarida abinci. Ranar an dafa wake da niƙaƙƙen nama mai yaji, ga burodin masara da zafinsa. Ya tarar da wani tsohon abokinsa daga Chicago da suka shekara ba su haɗu ba. Hira ta yi daɗi. Ya ce bari ya hau bayan kwata ɗaya, sai ya ƙara faranti. Ya ce bayan hutun rabin lokaci, sai aka kawo kofi. Shekara talatin yana kallon wannan abu, me ya rage da bai gani ba? Haka ya gaya wa kansa.

Da aka tashi, aka sauko masa da takarda. Garinmu ya yi nasara da maki biyu. Amma idonsa a kan layi ɗaya ya faɗa: Corinne, maki talatin da ɗaya. Ya ji sanyi a ransa.

Ga abin da ya faru a saman kansa yana cin wake. Minti shida da fara wasa, gwiwar hannun wata ta fasa wa Renita gira. Aka fita da ita aka yi mata ɗinki, ba ta dawo ba sai bayan hutu. A cikin minti goma sha huɗun da ba ta nan, Corinne ta ci ashirin da huɗu. A sauran minti ashirin da shida da Renita ke kanta, bakwai kacal ta samu. Mintocin kowa suna nan a gefen takardar da ƙananan lambobi. Bai duba wajen ba, don ya riga ya samu abin da yake nema.

Washegari ya rubuta cewa da idonsa ya gani, daga kujerarsa a bakin fili, yadda Corinne ta wanke yarinyar da ake ta zuzutawa, ta zuba mata talatin da ɗaya a fuska, abokan wasanta ne suka rufa mata asiri. Da idonsa, in ji shi.

Kocin su Renita ta aiko masa da wasiƙa, ya jefa a kwandon shara. Mutanen gari suka yi ƙorafi, ya ce son kai ne na 'yan gida. Da lokacin ƙuri'a ya matso, mutum goma sha ɗaya cikin masu zaɓe suka kira shi. Kowa amsa ɗaya ya ba shi: "Bar batun yarinyar nan. Ina wurin, na gani." A tasa takardar ya sa Corinne ta farko, ya cike sauran gurabe biyun da wasu sunaye. Renita ko ta uku bai sa ta ba.

Aka ƙirga. Corinne ta ci da ratar maki biyu. Da ya sa Renita ko ta biyu ce, da ita ta ɗauka, ba a ma zo maganar mutum goma sha ɗayan da ya karkatar ba.

Ya ɗauka an gama. Ina aka gama?

Uwar yarinyar, Lorraine Gaskin, tana da wata al'ada. Duk wasan gida a kujera ɗaya take zama, can sama, daura da teburin 'yan jarida, ta ɗauki wasan da wayarta tun daga farko har ƙarshe. Bayan an sanar da sakamako ta gama kai yara makaranta da safe, ta wuce ofishin jaridar da rigar aikinta, ta nemi ganin edita. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tana so a kalla kawai, a ga 'yarta ba ta cikin fili lokacin da aka ce an wanke ta.

Editar, wata dattijuwa mai suna Marjorie Tull, ta zauna ta kalla. Ta ga jinin, ta ga an fita da yarinyar. Sannan ta ga abin da ita uwar ba ta lura da shi ba. Bayan 'yan wasan ga tebur, ga kati da suna, ga kwat a rataye. Kujerar babu kowa. Ta mayar da hoton baya, ta sake bi daga farko. Har aka busa tashi ba wanda ya zauna a kanta.

Ta kira shi ofis, ta tambaye shi inda ya zauna ranar.

Ya ce, "Haba Marjorie, inda na saba mana. Shekara nawa?"

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. "To ga kwat ɗinka ya kalli wasa. Kai kana ina?"



Daga nan abu ya warware. Jaridar ta nemi hotunan tsofaffin wasanni, aka gano ba ranar ya fara ba. Aka buga neman afuwa a shafin farko, aka sallame shi. Masu shirya zaɓen gwarzuwar suka karɓe ƙuri'arsa. Gidan rediyo ya daina kira. Har rubuce-rubucensa na gaskiya, na shekarun da yake zama ya kalla, aka daina kafa hujja da su, don ba wanda ya san wanne ne wanne. Sakamakon kuwa ba a canza shi ba. Corinne ba ta yi laifin komai ba, kambun yana hannunta.

Akwai wani gidan shayi a bakin babban titi inda yake karyawa da abokansa duk Asabar. Ya shiga wata safiya yana kakkaɓe hula, ya ce ruwa ake yi a waje. Ɗaya daga cikinsu bai ko ɗago daga farantin ƙwansa ba.

"Da idonka ka gani, ko takarda aka kawo maka?"

Suka yi dariya, ba da mugunta ba. Daga ranar bai ƙara zuwa ba.

Yanzu ya samu lokaci. Ya nemo hotunan wasannin Renita na shekarar, talatin da huɗu, ya zauna a falo yana kallo ɗaya bayan ɗaya, kowace rana bayan ya karya. A karon farko ya bar bin ƙwallo da ido, ya bi yarinyar. Ya ga yadda take karanta kafaɗar abokiyar karawarta, ta isa wuri kafin ita. Ya gane cewa a shekara talatin da ɗaya bai taɓa ganin mai tsaro kamarta ba. Ya rubuta haka, shafi shida, kowane layi da hujjarsa. Waɗanda suka karanta sun ce bai taɓa rubutu mai kyau kamarsa ba. Ya aika wa jaridu tara. Ko ɗaya ba ta buga ba.

A lokacin Renita ta gama karatu, tana horar da 'yan mata a wata sakandare. Ya tuka mota awa biyu ya same ta bayan atisaye. Tabon yana nan a girarta. Ta karɓi takardun, ta karanta a tsaye har ƙarshe, ba ta yi sauri ba. Sannan ta ninke su ta miƙa masa.

"Duk abin da ke ciki gaskiya ne, yallaɓai. Amma da sunanka a kai, ko ni ba zan iya nuna wa kowa ba."

Ta ɗauki jakar ƙwallayenta ta tafi.

Ya 'yan uwa, kada wani ya tare ni a bakin ƙofa ya tambaye ni wace ce ta cancanci kambun a cikinsu. Sau biyu na taɓa kallon wasan Renita, kuma ban gane rabin abin da ake busa wa usur ba. Ban sani ba. Kun ji kalmar? Ba ta da nauyi a baki. Ita ce ta gagari mutumin nan, har ta cinye masa aikin shekara talatin.

Malamai sun sa shaidar zur a sahun manyan zunubai, kuma ba a kotu kaɗai ake yin ta ba. A cikinku wa ba a taɓa kira a waya ba? Wane yana neman aiki a wurinmu, ka san shi? Wane yana neman 'yarmu, yaya halinsa? Wance za ta kama haya, tana da amana? Mai tambayar ya aro idonka ne saboda nasa bai kai wurin ba. In ka gani, faɗi abin da ka gani. In ji ka yi, ka ce ji na yi. In akwai ƙulli a zuciyarka game da mutumin, ka ce a tambayi wani. Wanda ka zalunta da harshe yana iya yafe maka, amma shekarar da ka ɓata masa ba za ka iya mayar masa da ita ba. Kai kuma ranar da gaskiya za ta zo bakinka, kana iya waigawa ka ga babu mai saurare.

Allah ya tsare harsunanmu daga faɗin abin da idanunmu ba su gani ba. Allah ya ba mu ikon cewa mun yi kuskure tun kuskuren yana ƙarami. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.