Hanyar da Abarshi Ya Share

Akwai wani mutum mai suna Abarshi, a wani ƙauye da ke kan duwatsun Kutus, arewa da Gure, can wajejen Kelle. Mutanen ƙasa, wato na gindin dutse, suna kiran ƙauyen Garin Sama. Zamanin Nasara ne, wajen shekarar 1936.

Hanya ɗaya ce tak take hawa garin, ita ma ta ƙafa, siririya, tana murɗawa tsakanin duwatsu. Doki ba ya hawanta. Jaki ma sai an sauke masa kaya, wani ya ja ta gaba, wani ya tura ta baya.

Abin da ya fi wahalar da masu hawa shi ne wasu jerin duwatsu da aka gitta wa hanyar a karkace tun kaka da kakanni, kowane jeri ya kusa kai gwiwa. Mata ne suke gyara su kowace shekara kafin ruwa ya sauka, su gyara wanda ya goce, su liƙe da laka. Maza kuwa ba abin da ya haɗa su da duwatsun nan sai tuntuɓe da tsaki.

Ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. Gonakin garin suna gindin dutse, da an yi ruwan shuka maza sukan sauka su zauna a bukkoki, ba su dawowa sai an yi girbi. Da damina, mata da tsofaffi da yara kaɗai ake bari a sama.

Ƙasa kaɗan da gidaje, a gefen hanya, akwai wani ƙaton rami mai zurfi a cikin dutse, ana ce masa Tukunya. Ruwan damina yake tarawa, shi gari yake sha har wata daminar. Babu rijiya a Garin Sama, don ba mai iya haƙa dutse.

Shi Abarshi, shi kaɗai ya rayu a cikin 'ya'yan mahaifiyarsa Fanna, sauran duk tun suna goye ta binne su. Ba sai na gaya muku irin son da ke tsakaninsu ba.

Wata shekara gardi, wato dogaran Nasara, suka kama shi a kasuwar Kelle, aka tafi da shi aikin dole, wajen gyaran hanyar mota tsakanin Damagaram da Gure. Yana can mahaifinsa Aisami ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙugu. Aka ɗora shi a kan gadon kara za a kai shi wurin maɗori a ƙasa. A wani jerin duwatsu ɗaya daga cikin masu ɗauka ya yi tuntuɓe, gado ya kife. Tsohon bai kai ƙasa da rai ba. Aka dawo da shi sama aka binne.

Da Abarshi ya dawo ya ji, bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya je ya zauna kusa da mahaifiyarsa.

Fanna ta ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. In tawa ta zo, a sa ni kusa da shi. Nan aka kawo ni ina yarinya, nan 'ya'yana suke kwance. Kada ka bari in mutu a garin mutane."

Ya ce, "Iya, na ɗauki alkawari. Muddin ina da rai, ba ki sauka daga dutsen nan."

Tun daga ranar ya tsani hanyar. Kuma ya dawo da abu biyu daga aikin dole: diga da ya saya hannun wani maƙeri, da kuma ganin cewa yanzu ya san abin da 'yan garinsu ba su sani ba. Digar ta yi masa amfani. Na biyun ne ya cuce shi.

Ranar Juma'a bayan salla ya tsaya gaban dattawa ya ce zai share hanya, ya kwashe duwatsun da suka kashe mahaifinsa, jaki ya hau da kayansa har ƙofar gida. Mai gari Mainasara, wanda gwiwoyinsa suka daɗe suna ƙorafi, ya ce wallahi magana ta yi. Samari suka ce suna bayansa. Aka shafa fatiha aka tashi, ba wanda ya tuna a leƙa cikin gida a ji ta bakin mata.

Da yamma matarsa Kellu ta ajiye masa tuwo, ta ɗan tsaya.

"Maigida, na ji za ku taɓa duwatsun hanya. Ruwa fa?"

"Ruwa ai na san maganinsa," in ji shi. "Da idona na ga yadda Nasara suke yi. A haƙa masa lambatu a gefe, ya bi ya wuce, kada ya ci hanya."

"Ai ba wucewar muke so ba..."

"Kellu, kin taɓa ganin hanyar mota?"

Ta ɗauki tulunta ta fita.

Gaskiya Abarshi ya yi aiki, ba zan rage masa ba. Duk ranin nan yana kan hanya, hannunsa ya yi kanta, ya fashe, ya sake yin kanta. Shi da samari suka tumɓuke jeri bayan jeri suna gangarar da duwatsun. Suka cike ramuka, suka haƙa lambatu mai kyau ya miƙe har gindin dutse. Masu wucewa suna ce masa, "Wushe, wushe da aiki!" wato sannu da aiki da Barbarci, yana amsawa ba tare da ya ɗago ba.

Da gajimare ya fara haɗuwa, mata suka fito da ƙoren laka kamar yadda suka saba. Wata dattijuwa mai suna Zaliha ce a gaba. Suka tarar babu abin gyarawa. Suka fara tattaro duwatsu za su sake jerawa, Abarshi ya zo ya tsaya a kansu.

Zaliha ta ce, "Ɗan nan, duwatsun nan su ke juya ruwa ya shiga Tukunya. Ku kuna gona, mu muke gani. Ruwa ya gangaro daga kan dutse, ya bugi jeri, ya karkata, ya bugi na gaba, har ya faɗa ciki."

Abarshi ya yi dariya. "Baba Zaliha, Tukunya bakinta a buɗe yake, daga sama take sha. Allah ke cika ta, ba tsakuwa ba."

"Allah ke cika ta, amma ta nan yake aiko shi."

"Ta nan aka kifar da ubana," in ji shi, murya ta canza. "Duk wadda ta sake gitta dutse a hanyar nan, ni da ita ne gaban mai gari."

Wa zai yi gardama da maraya a kan inda ubansa ya mutu? Mata suka kwashi ƙorensu suka koma. Da ya shiga gida, Fanna ta ce masa, "Abarshi, ka saurari masu ɗaukar tulu." Ya durƙusa ya ce, "Iya, don ke na yi. Ranar da ba ki da lafiya, a kan jaki zan kawo miki mai magani."

Damina ta yi kyau a shekarar. Maza suna ƙasa suna noma suna murna. Mata suna sama suna tsaye bakin zaure, suna kallon ruwa yana bin lambatun Abarshi da gudu, yana wuce Tukunya kamar bai san ta ba.

Bayan girbi jakuna suka hau da dammunan gero har bakin rumbu, abin da ba a taɓa gani ba. Aka yi guɗa, aka yi kiɗa. Mainasara ya riƙe hannun Abarshi ya ɗaga sama. A ranar nan, da ya leƙa Tukunya, da ya ga ruwan ko rabi bai kai ba. Kellu ta faɗa masa, ya ce mata ai kullum mata cikin tsoro suke.

Sanyi bai gama fita ba guga ya fara taɓo laka. Kafin zafi ya kankama, Tukunya ta bushe ƙaf, yara suna shiga ciki suna wasa.

Sai aka koma rijiyar ƙasa, ta wani ƙauye da ke gindin dutse. A fita da asuba, a dawo rana ta take. Da farko Abarshi yana cewa, "Kun gani? Ba don hanya ba, da yaya jaki zai hau da salka?" Rijiyar ba ta gari biyu ba ce, ga makiyaya daga yankin Alakos sun sauko da dabbobinsu. Aka fara layi, aka fara faɗa, wata rana mutum ya yini ya dawo da rabin salka mai laka.

Awaki suka fara mutuwa. Gidan Tanimu suka fara ɗaure kaya, suka ce za su zauna a bukkar gona sai ruwa ya sauka. Wani gida ya bi, wani ya bi. Mainasara da kansa ya sauka, a kan jaki, bai ko dubi Abarshi ba.

Ranar da Zaliha za ta tafi, ta tarar da shi zaune bakin Tukunya shi kaɗai, yana kallon inda jerin duwatsu suke a da. Yanzu da ba kowa, idonsa ya ga abin da ya ƙi gani: kowane gurbi ya karkata ne ya nufi bakin ramin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na yi ɓarna."

Ta ce, "Ka yi. Amma ba da mugunta ka yi ba. Tashi ka nemo wa uwarka ruwa."

Gari ya rage daga shi sai Kellu sai Fanna. Kullum yana sauka yana hawa. Jakinsa ya rame har ya kwanta, ya koma ɗauko salka a kafaɗa. Shi da Kellu suna jiƙa maƙogwaro kawai, su bar wa tsohuwa. Yana ganin in ya daure har ruwan farko, ya cika alkawari.

Amma Fanna tana gani. Ta ga leɓen ɗanta ya tsage, ta ga Kellu, wadda ke da ciki, ta tashi tsaye jiri ya mayar da ita. Sai tsohuwa ta fara ture ƙwaryar ruwa tana cewa ba ta jin ƙishi. Da ya matsa mata, ta ce, "Na binne 'ya'ya da yawa a kan dutsen nan. Ba zan zauna in ga na ƙarshe ya bi su saboda kabarina ba. Je ka aro jaki."

"Iya, alkawari fa?"

"Ni na ɗora maka, ni na sauke."

Da safe ya kai ta kabarin mijinta, ta zauna ta yi addu'a ta daɗe. Sannan ya ɗauke ta cak, ba nauyi, ya ɗora a kan jakin aro. Kellu tana biye da ƙullin kaya. Suka bi hanyar nan shararriya, suka wuce Tukunya, suka gangara.

Da suka kai gindin dutse, Fanna ta juya ta dubi sama, ta dubi ɗanta. Ta ga yadda fuskarsa take, ta so ta sanyaya masa rai. Ta ce, "Hanyarka ta yi kyau, Abarshi. Ko sau ɗaya jakin bai yi tuntuɓe ba."

A nan ne ya fashe da kukan da bai yi ba ranar da ya ji mutuwar mahaifinsa.

Fanna ba ta ga ruwan farko ba. Ta rasu a bukkar gona cikin tsananin zafi, kuma a irin wannan zafi ba a jinkirta gawa, balle a hau dutse da ita. Aka binne ta a maƙabartar mutanen ƙasa, cikin baƙi.

Bayan an share makoki Abarshi ya je ya durƙusa gaban Zaliha. Duwatsun da ya gangarar, shi ya riƙa ɗauko su a ka yana hawa da su, mata suna nuna masa inda kowanne zai zauna, yana cewa to. Damina ta zo, Tukunya ta cika har baki, mutane suka koma gidajensu. Ɗaki ɗaya ne, na Fanna, ba a sake buɗewa ba.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta isa ba in babu saurare. Kafin ka rushe abin da ka tarar, tambayi waɗanda suke wahala da shi kullum me ya sa aka ajiye shi, ko da kana ganin ka fi su sanin duniya. Wata ɓarnar ana gyara ta, wata kuwa sai dai a yi ta nadama. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai riƙe da diga a yau da yake bukatar ya tsaya ya yi tambaya.