Hayaƙin da Ya Sauko da Maharba Daga Ganuwa

A can wani zamani mai nisa, tun ana yaƙi da kwari da baka, an yi wani Sarki mai birni mai ƙofa bakwai. Jarumi ne na gaske, sai dai fa taurin kai. Ran nan 'yan leƙen asirinsa suka dawo suna haki, suka ce rundunar abokan gaba ta taso, nan da kwana goma za ta kewaye birnin.

Fada ta cika maƙil. Waziri Tanimu, wani dattijo da bai iya ɓoye abin da ke ransa ba, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a kai yara ƙauyukan kan dutse tun hanya na buɗe. In aka rufe ƙofofi hatsi zai yi ƙasa, rijiyoyi su ja baya, ciwo kuwa in ya shigo da yara yake farawa."

Madaki Jatau, shugaban mayaƙa, ya zabura ya ce, "Ranka ya daɗe, kakanninmu ba su taɓa yin haka ba! Namiji ya fi zafin harbi in ɗansa na bayansa."

Maganar ta yi wa Sarki daɗi. Ya dubi Waziri ya ce, "Na ba ka kwana uku. Ka kawo mini hujjar da ido zai gani, ko kuwa ka ajiye rawani."

Waziri ya fita yana ta tunani, kuma ba na rawani ba. A gindin ganuwa ya tarar da yara suna ta wasan langa, daidai inda kibau za su riƙa sauka. Nan take dabara ta faɗo masa, har ya yi dariya shi kaɗai.

Da hantsin rana ta uku Sarki ya hau ganuwa duban maharba. Sun jeru reras, Madaki na kai da kawowa yana hura hanci. Ashe Waziri ya riga ya sa wasu tsofaffin mata sun tara jiƙaƙƙen ƙaiƙayi a wani fili cikin gari. Can sai hayaƙi ya turnuƙe, matan suka kwarma ihu, "Gobara! Gobara a unguwar masaƙa!"

Kai, zo ka ga gudu! Wannan ya yar da baka, wancan ya diro bai bi ta matakala ba, kowa na kiran sunan ɗansa. Madaki da kansa ya fi kowa sauri, yana ta "Laraba! Ina Laraba?" wato 'yar autarsa. Sarki ma har ya ɗaga ƙafa, sai Waziri ya riƙe bakin rigarsa.

"Zaki, ƙaiƙayi ne kawai. Amma dubi ganuwarka."

Sarki ya waiwaya. Ba kowa sai su biyu, da bakkuna a warwatse. Waziri ya ce, "Yau ƙarya ce. Ranar da maƙiya za su harbo wuta gaskiya ce, kuma suna tsaye a ƙofa."

Sarki ya fashe da dariya ya ce a kira sanƙira ya yi shelar a kwashe yara. Kafin la'asar ayari ya kama hanyar dutse, kakanni mata a gaba, jakuna ɗauke da gero, awaki na biye saboda nono. Iyaye sun sha kuka, Waziri ma bai tsira ba.

Wata uku maƙiya suka yi suna tsare da birnin. Suka harbo kibau masu wuta, unguwa biyu ta ƙone ƙurmus, amma ko maharbi ɗaya bai waiwaya ba. Da damina ta sauka, abokan gaba suka gaji suka kwashe kayansu.

Ranar da yara suka dawo gari ya ruɗe da guɗa da kiɗa, Sarki ya yafa wa Waziri alkyabba a gaban jama'a. Da yamma Waziri ya bi ta gidan Madaki, ashe gidan na cikin waɗanda suka ƙone, ya tarar da shi tsaye cikin toka, Laraba na riƙe da yatsansa.

Yarinyar ta ce, "Baba, ina ɗakin da muke kwana?"

Madaki ya dubi baƙin gurbin, ya sunkuya ya ɗauke ta ya ƙanƙame. Waziri ya wuce a hankali bai yi sallama ba.