Ƙafar Kujerar Baba Direba

Akwai wani ma'aikaci a ofishin 'yan fansho da abokan aiki ke kira Ɗan Zafi, kuma ba a banza ya ci sunan ba. Mutum ne mai gaskiya, amma bakinsa ba linzami. In ransa ya ɓaci, ko wa ke gabansa sai ya ji a jikinsa.

A ofishin nan, duk shekara sai kowane ɗan fansho ya zo da ƙafarsa ya ɗora babban yatsa a kan na'ura, don a tabbatar yana raye. Wanda bai zo ba, a tsayar masa da fansho. To ita na'urar ina aka ajiye ta? Can hawa na ƙarshe na benen. Lif kuwa ya mutu tun kafin a ɗauki Ɗan Zafi aiki, har masu shara sun mayar da shi wurin ajiye tsintsiya da bokiti.

Sai ka ga tsofaffi sun jeru a matattakala, wannan ya dafa bango, waccan ta zauna tana haki, ma'aikata na tsallake su da fayil a hammata. Kowa ya saba, har an daina gani.

Cikin tsofaffin akwai Baba Direba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya. Ciwon zuciya ya kumbura masa ƙafafu, likita ya hana shi hawa bene. 'Yarsa ta kawo shi, suka zauna a ƙasa tun safe har aka tashi, ba wanda ya kula su. Sai aka tsayar da fanshon, maganinsa ma ya tsaya.

Ɗan Zafi ya riƙe hannun tsohon, ya ce ya koma gida ya kwantar da hankalinsa, shi zai sa a sauko da na'urar ƙasa.

Ranar taron ma'aikata ya miƙe, ko gaisuwa babu. Ya ce duk wanda ke ɗakin nan ba shi da imani, sun mayar da ofis wurin azabtar da iyayen mutane. Ya nuna Anti mai kula da na'ura da yatsa, ya nuna mai sito da ke riƙe da rajistar kayan ofis, ya ƙare da Oga.

Oga ya bar shi ya gama, sannan ya ce a hankali, "Haka muka tarar. Na'ura tana da rajista a wancan ɗakin. Ka rubuto, kwamiti zai duba."

Ya rubuta. Takardar ta kwana a teburin mai sito har ta yi ƙura, don mai sito ya rantse ba zai taɓa abin da ya fito daga hannun wanda ya ci masa mutunci ba. Anti ta daina amsa gaisuwarsa. In ya shigo ɗaki, hira ta mutu. Watanni suka wuce, ita kuwa 'yar Baba tana ta sintiri, kullum sai ta ce masa jikin Baba sai a hankali. Duk ranar da ya hango ta a bakin ƙofa, kunya ke rufe shi.

Wata ranar hutu ya je gidan yayarsa, ya ce shi ya gaji, ajiye aikin zai yi. Tana ninke kayan wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ya ajiye mana, sai tsofaffin su rasa mutum ɗaya tilo da ke ganinsu. Ta ce tun yana yaro haka yake, yana da gaskiya amma sai ya jefa wa mutum ita a fuska.

"Ka taɓa tambayar ɗayansu ko abin yana damunsa?" ta ce. "Ko dai kai kaɗai Allah Ya ba zuciya?"

Maganar ta yi masa ɗaci, amma ta shige shi.

Da aka koma aiki, ya je ya tsaya gaban Anti ya ba ta haƙuri a gaban mutane. Ta ce ita ce ke riƙe yatsun tsofaffin nan suna rawa don gajiya, yana zaton dutse ne a ƙirjinta? Mai sito kuwa, da aka lallaɓa shi, sai ga shi yana ba da labarin yadda ya goya mahaifiyarsa a wannan benen. Ranar ya tura takardar gaba. Ta isa teburin Oga, ta sake kwanciya.

Baba bai da sauran jira. 'Yarsa ta ce ya kafe, ko da rarrafe ne zai hau. Suka ɗora shi a kujerar katako: Ɗan Zafi da mai sito a baya, 'yar ta kama ƙafa ɗaya ta gaba. Saura ƙafa ɗaya ba mai riƙewa. Kujerar ta karkace a tsakiyar matattakala, Baba ya ƙanƙame hannun kujerar.

Daidai nan Oga ya taho zai hau ofishinsa. Matattakalar matsattsiya ce, ba hanyar wucewa.

Ɗan Zafi ya ji zafafan maganganu sun taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye su, ya ce, "Yallaɓai, don Allah kama mana ƙafar nan, zai faɗi."

Oga ya waiga, ya ga idanun tsofaffi a kansa. Ya miƙa wa masinja jakarsa, ya kama.

Kafin su kai sama, rigar Oga ta jiƙe sharkaf, numfashinsa ya fi na maras lafiyan fita. Anti ta ɗora yatsan Baba a kan na'ura, ta yi ƙara alamar ta karɓa. Baba ya juyo ya kalli furfurar Oga, ya yi murmushi a gajiye.

"Sannu, ɗana. Na ga kai ma saura ƙiris ka zama namu. Ka fara tanadin masu ɗaukarka tun yanzu."

Ba wanda ya yi dariya. Oga ya shige ofis ya rufe ƙofa. Kafin a tashi aiki, takardar da ta sha barci ta fito da sa hannu. Ashe dai kwamitin ba ya wahalar zama in an so.

Aka share ɗakin da ke kusa da ƙofar shiga, aka jera benci, mai wuta ya ja waya. Anti da kanta ta rungumo na'urar ta sauko da ita. Daga baya har doka aka sake, aka ce wanda ciwo ya kwantar a bi shi gida.

Ranar da aka fara aiki a ƙasa, Ɗan Zafi na tsaye yana nuna wa tsofaffi wurin zama, sai ga 'yar Baba Direba ita kaɗai. Ya tare ta da fara'a, ya ce ta gaya wa Baba alkawari ya cika, ba zai sake hawa bene ba.

Ta sunkuyar da kai. Ta ce tun ranar da suka hau da shi bai sake tashi ba, an binne shi shekaranjiya. Ta zo ne ta tambayi inda ake kai rahoton rasuwa.

Ɗan Zafi ya zauna a bencin tsofaffin. Watannin da ya ɓata yana faɗa da mutanen da da ya roƙe su tun farko da sun taya shi, su ne suka tsaya masa a rai. Ya share idonsa, ya miƙe, ya ce mata ta zauna, shi zai hau ya kai.

Darasi: In kana son gyara wurin aikinka, kada ka gudu ka bar shi, kuma kada ka mayar da abokan aikinka abokan gaba. Gaskiyarka ba za ta motsa komai ba sai ka samu masu kama maka, kuma duk ranar da ka ɓata wajen cin mutunci, wani mai rauni ne ke biyan kuɗinta da lafiyarsa. Ka tura wannan labarin ga duk wanda ka sani yana zaune bayan teburin gwamnati, tun daga masinja har Oga.