Yatsan Ƙafar Mai Bandiri

An yi wani sarki a ƙasar Sham wanda ba abin da yake ƙauna kamar waƙar nan ta Larabawa mai dogon zagaye, wadda mai bandiri ke buɗewa da bugu mai nauyi, ya yi ta tafiya da ƙananan bugu har baiti ya ƙare kafin ya komo kan na fari. Gwanintar mawaƙi ita ce ya sauke kalmarsa ta ƙarshe daidai da komowar bugun nan.

Safwanu, mawaƙin fada, bai taɓa kuskurewa ba, saboda haka alkyabba tasa, kirari nasa. Hammadu mai bandiri kuwa yana zaune a bayansa, ko sannu ba mai ce masa. Hassada ta ci shi har ya rame. In aka yabi Safwanu, ranar nan ko tuwo ba ya ci.

Ran wata walima, a gaban baƙi, Hammadu ya riƙa gaggauta bugun da ɗan kaɗan, Safwanu na sauka a makare, baiti bayan baiti. Sarki ya fusata, ya ce wa wazirinsa, "Ya Nu'umanu, ɗayansu ya kunyata ni, kuma zai bar ƙasata. Zagayen ya fi ƙarfin kunnena, sai ka gaya mini wane ne."

Waziri ya raɗa masa, "Allah ya ba ka nasara, a maimaita, amma ka bar bakin mawaƙi da hannun makaɗi, ka dubi ƙasa."

Aka maimaita, Hammadu ya sake, don mai hali ba ya fasa halinsa. Sai dai babban yatsan ƙafarsa, wanda ke riƙe masa zagaye tun ƙuruciya, ba a ƙulla da shi ba. Hannu ya riga, yatsa ya jira, ya sauka tare da kalmar Safwanu.

Sarki ya ce, "Hammadu, ƙafarka ta ba da shaida a kanka."

Hammadu ya faɗi, ya ce, "Ranka ya daɗe, na tsufa ina ɗauke da muryarsa, ba a taɓa tambayar sunana ba."

Waziri ya ce, "Laifin nasa ne, ya shugabana, amma gonar da hassadar ta tsiro a cikinta tamu ce."

Sarki ya cika maganarsa, ya kori Hammadu, amma da guzuri, ya kuma yi umarni duk ranar da aka yi wa mawaƙi alkyabba a yi wa makaɗinsa. Waziri ya sami doki da rawani.

Masu hikima suka ce, adalci shi ne a ga na baya tun bai nemi a gan shi da ɓarna ba.