Lakar Takalmin Baba Des

Akwai wani dattijo a nan kwarinmu na Huon, sunansa Des Pybus. Tun da aka tuge itatuwan tuffansa, matarsa kuma ta rasu, filinsa yake kwance ba mai nomawa. Shi ma haka yake zaune, sai ya yi kwanaki bai yi magana da kowa ba.

Ana nan sai wata matashiya, Marnie Thorp, ta roƙe shi aron filin don ta buɗe gonar haɗin gwiwa. Gidajen cikin gari su ɗauki nauyin noman tun farkon shekara, ita ta noma, kowace Asabar su zo su ɗauki kwandon kayan lambu. In an samu kowa ya ci, in an rasa kowa ya haƙura.

Des ya yarda, kuma gaskiya gonar ta farfaɗo da shi. Asabar na yi ƙofar gidansa ta cika da motoci, yara suna ta kiran Baba Des, ana kawo masa kek. Mutumin kirki ne, amma girman kai kam ba a magana.

Doka ɗaya Marnie ta kafa. Akwai baho da buroshi a bakin ƙofa, ba mai shiga sai ya goge takalminsa da kayan aikinsa tas. Ruɓar albasa, cutar da ba ta barin tafarnuwa ma, ta shiga wasu gonakin kwarin, kuma in ta sauka a ƙasa sai ta yi shekara da shekaru ba ta fita ba. Ga shi tafarnuwa ce ƙashin bayan gonar, ita ke riƙe ta duk lokacin sanyi.

Ranar rufe kaka ta zo a watan Mayu, lokacin da sanyi ke shigowa a nan wajenmu. Sanyi ya riga ya ƙone ganyen kabewa. Kowa ya fito, aka kwashe sauran kabewar, aka tuge busassun tumatir, saura a dasa tafarnuwar baɗi a sha miya a watse.

Sai ga Des da shebur a kafaɗa, takalminsa na roba ya yi nauyi da jar laka. Tun safe yana gonar abokinsa Lyle, yana taya shi binne albasar da ta ruɓe.

Marnie ta tare shi. "Baba Des, sannu da zuwa. Ga baho nan."

"Bahon me? Wanka zan yi?"

"Takalmin da shebur ɗin. Na ji daga wajen Lyle kake."

"To sai me? Laka ce, ba guba ba."

Bev, wata tsohuwa da suka yi makaranta tare, ta ɗaga murya daga cikin kabewa. "Kai Des, ka sunkuya mana! Ko bayan ne ya ƙi? Kawo in wanke maka, ai na saba da na jikoki."

Aka kwashe da dariya. Wannan dariyar ce ta ɓata komai.

Des ya haɗe rai ya ce, "Yarinya, ina taka ƙasar nan tun ba a haifi uwarki ba. Yau ke za ki koya mini shiga gonata?"

"Don Allah, Baba. To sa nawa, ga su nan a mota. Shebur ma akwai."

"Ki matsa. In kuma dokarki ta fi ƙarfin mai fili, ki tattara kabewarki ki nemi wani."

Marnie ta dubi jama'ar da ke tsaye da iri a hannu. Ta san fili nasa ne, ta kuma san in ya faɗi abu yana aikatawa. Sai ta matsa. Har yau tana ganin laifin kanta, ni dai ban gani ba.

Des ya wuce kai tsaye zuwa kunyar da ke can sama, ya haƙe ta da shebur ɗinsa, ya dasa tafarnuwa a cikinta shi kaɗai don a san har yanzu da sauransa. Da aka zauna shan miyar kabewa har yana tsokanar Bev: "Kin ga ƙasa ta tsage?"

Sanyi ya zo da ruwa mai yawa, yana gangarowa daga saman gonar zuwa ƙasanta.

Da gari ya fara ɗumi sai ganyen kunyar Des ya soma yin rawaya. Marnie ta tuge ɗaya. Gindin ya yi laushi, farin abu kamar auduga ya lulluɓe shi. Ta tuge na biyu, haka. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Kafin lokacin cira, ciwon ya bi hanyar ruwa ya kai ga sauran tafarnuwar da albasar gonar. Abin da aka tono, wari kawai yake yi, dole aka tara aka ƙone.

Masu kwando suka haƙura kamar yadda aka yi alkawari.  Rannan Des ya sami Marnie ya ce, "Wataƙila irin ne ba shi da kyau."

Ta ce, "Ragowarsa na ba Bev, Baba. Ya yi kyau a bayan gidanta."

Ranar rufe kaka ta sake zagayowa, amma ba dashe. Tirakun shinge ake cirewa, ana naɗe bututun ban ruwa, ana wanke komai kafin a loda a mota. An sami wani fili can nesa, a tsallaken kogi.

Des ya sauko daga baranda. "Marnie, ku zauna. Ku shuka kabewa, ku shuka dankali. Na bar muku filin."

"Baba, ba tafarnuwa ba gona. Kuma in muka zauna, mu ne za mu riƙa kwasar ciwon a ƙafa muna kai wa mutane."

"To Asabar fa?"

Bev ta ce, "Sai in biyo in ɗauke ka, tunda ka daina tuƙi." Wannan karon ba tsokana a bakinta.

Ta biyo kuwa, ba sau ɗaya ba. Kullum sai ya ce ba ya jin daɗi. Kunya ce ta hana shi haɗa ido da jama'a.

Tsohon bahon kaɗai aka bari a bakin ƙofa. Wata Asabar Bev za ta wuce sai ta hango Des a sunkuye a kansa, riƙe da buroshi, yana goge takalminsa a hankali har cikin tsagar tafin. Da ya gama ya buɗe ƙofa ya shiga filin. Ba kowa a ciki, ba komai sai ciyawa.

Darasi: Dokar da aka kafa don kare kowa ba raini ba ce ga kowa, ko da kai ne mai wuri, ko da ka haifi wanda ya kafa ta. Sunkuyon da girman kai ya hana ka yau, za ka yi shi ranar da ba zai amfane ka ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke tsaye a bakin tasa ƙofar yanzu.